Littafin idiyom ɗin Turanci da nake haɗa wa 'yan lesin ɗinmu, ga inda aiki ya kwana

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Bismillah. Yau dai na fara aikin nan da na daɗe ina cewa zan yi zan yi, kuma na ƙudurta zan riƙa rubuta inda na tsaya duk sanda na samu sarari, ko don kar jikina ya yi sanyi a hanya. Ɗan ƙaramin littafi nake son haɗawa na irin maganganun nan na Turanci da ake ce wa idiyom, wato maganar da in ka bi kalmominta ɗaya bayan ɗaya ba za ka taɓa isa ga abin da ake nufi ba. Guda 200 nake hari, kowacce da bayaninta da Hausa, saboda yaran da nake yi wa lesin da yamma a zauren gidanmu, su 17 ne yanzu, yawancinsu 'yan aji shida na sakandare masu shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB.

Abin da ya tayar da ni shekaranjiya Alhamis ya faru. Muna bin wata takardar gwaji, sashen nan da ake ba ka jimla a ce ka zaɓi fassarar da ta fi dacewa da ita, sai muka zo kan "he let the cat out of the bag". Wata yarinya da ta fi kowa ƙoƙari a ajin ta tsaya tana kallon takardar, can ta ɗago ta ce Malam ni fa duk kalmomin nan na san su, mage ce da buhu, amma ban ga amsar da ta yi maganar mage ba. Na fara bayani da Turanci ina ta zagaye, na ga fuskokinsu ba su saki ba, kawai sai na ce musu "ya fasa ƙwai". Wallahi zauren gaba ɗaya sai da ya ɗauki "ohhh", kuma ba wanda ya tambaye ni wane ƙwai ko na wace kaza. Kenan yaran nan sun san yadda irin maganar nan ke aiki tun suna goye, ba wanda ya taɓa nuna musu cewa abin da suke yi da Hausa kullum shi ne Bature ke yi da nasa harshen. A JAMB Turanci wajibi ne ga kowa, tambaya 60 cikin 180, ba abin da za a bar yaro ya je ya yi canki-canka a kansa ba ne.

Asabar, 11 ga Janairu

Na yanka kwalayen taliya da na karɓo a shagon ƙanina, na yi katuttuka kamar girman tafin hannu. Gaba Turanci, baya Hausa. Guda 31 na yi a satin nan kuma duk masu sauƙi ne, waɗanda suna faɗowa 'yar'uwarsu ta Hausa take biyo su. "Raining cats and dogs" ruwa kamar da bakin ƙwarya. "Cost an arm and a leg" ɗan karen tsada. "Turn a deaf ear" kunnen uwar shegu. "Eat your words" lashe amai, wannan kam ta Hausar ta fi zafi nesa ba kusa ba. "Between the devil and the deep blue sea" gaba kura baya siyaki. "Open a can of worms" allura ta tono garma. "No smoke without fire" ruwa ba ya tsami banza. "The lion's share" kaso mafi tsoka.

Na ɗan tsaya a kan sunan da zan ba su a bangon littafi. Karin magana ba zai yi ba, don karin magana cikakken zance ne mai tsayuwa da ƙafarsa, kamar hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi kuwa idiyom yawanci guntu ne da kake sakawa cikin taka jimlar, irin su shan kunu da ɗaure gindi da cin fuska da shafa kashin kaji. Salon magana ya fi kwanta min. Amma yaran idiyom suke cewa, kuma shi za su gani a takardar jarrabawa, don haka duka biyun zan sa.

Wani abu da na nuna musu yau, ba a taɓa kalmomin. Na ce wa zai iya cewa ruwa kamar da bakin kwano? Suka yi dariya suka ce ai ba a faɗin haka. Na ce to haka nan ba a cewa "raining dogs and cats", yadda aka gada haka ake faɗa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na je gaida kakata na tafi da katuttukan da suka gagare ni. Ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, amma in dai Hausa ce rumbu ce. Tana zaune a rana saboda sanyin hunturun nan, ta ce maigidan yau kuma da me aka zo min, na ce Hajiya taimako nake nema. Sai in ba ta labari, in ce mutum ne dawakinsa suka gudu sannan ya tashi rufe ƙofar barga, me za ki ce masa? Ko numfashi ba ta ja ba ta ce ihu bayan hari. Na ce wanda ya tsere wa wata masifa ya faɗa wadda ta fi ta fa? Ta ce an gudu ba a tsira ba, ya guje wa gara ya tarar da zago. Cikin awa ɗaya ta warware min guda 12, ciki har da "out of the frying pan into the fire" ɗin da na kwana biyu ina juyawa.

Amma babban abin da na samu a wajenta ba wannan ba ne. Ina mata bayanin "save for a rainy day", na ce Turawa na cewa ka yi tanadi saboda ranar ruwa, wato ranar wahala. Ta kalle ni ta ce ranar ruwa ce ranar wahala? Ruwa ai rahama ne, mu da muke fita roƙonsa. Na dawo gida ina ta tunanin maganar nan har dare. Mutanen Ingila ruwa da sanyi da hazo sun ishe su, rana suke marmari, shi ya sa a harshensu ɗumi shi ne alheri, "a warm welcome" kyakkyawar tarba, "warm-hearted" mai kirki, "give someone the cold shoulder" kuwa ka share mutum ka yi kamar ba ka gan shi ba. Mu kuma da rana ke gasawa, sanyi shi ne daɗi, na ji sanyi a raina, sanyin idaniya, Allah ya sanyaya. Zafin zuciya a wajenmu aibi ne. To yaron da ya ga "warm-hearted" a jarrabawa ya fassara a ransa da mai zafin zuciya, ka ga ya tafi kudu amsa tana arewa, kuma ba rashin ƙoƙari ba ne. Zan ware shafi guda cur a kan wannan.

Talata, 28 ga Janairu

Aiki ya ja baya, kwana huɗu ba wuta a layinmu, waya kuma da ita nake duba ƙamus. Kati 58 yanzu.

Na buɗe wani sabon rukuni da na sa wa suna masu kama da wane, don kama da wane ba wane ba ce. Su ne waɗanda suka yi kama da wata maganar Hausa amma ma'anarsu daban. "Pull someone's leg" zolaya ce, amma yara uku suka ce min jinkiri ne saboda jan ƙafa, alhali jan ƙafa shi ne "drag your feet". "Bad blood" ba baƙin jini ba ne, gaba ce tsakanin mutum biyu, ta fi kusa da ba sa ga maciji. "Wash your hands of something" tsame hannu ne daga lamari, ba ruwansa da wanke hannu ka taɓa da muke faɗa in abu ya haɗu. Waɗannan sun fi ba ni tsoro a kan waɗanda ba su da kama da komai, don yaro zai amsa su da ƙarfin gwiwa ya faɗi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau abin da ya faru ya sa dole in sake tsarin littafin gaba ɗaya.

Na ba su aikin gida, kowa ya rubuta wasiƙar ta'aziyya ga abokinsa da mahaifinsa ya rasu, irin wasiƙar da ake tambaya a jarrabawa. Wani yaro mai natsuwa, marayan kansa ne ma, ya rubuta wasiƙa mai kyau har ta taɓa min zuciya, sai a layi na uku na ga "I was sad to hear that your father kicked the bucket". Na kira shi gefe bayan an tashi na ce ina ka samo wannan? Ya ce Malam a katinka ne. Na ɗauko katin na juya, abin da na rubuta a baya kalma biyu ce kawai, ya mutu. Gaskiyarsa ne. Ma'anar daidai take, amma ban gaya masa cewa maganar ta wasa ce da rashin ganin girma ba, kamar ka je gidan makoki ka ce ashe tsoho ya sheƙa. Wanda zai yi ta'aziyya da Turanci "passed away" yake cewa, kamar yadda mu muke cewa ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya, ko rai ya yi halinsa. Yaron da na faɗa masa haka sai da ya rufe baki da hannu, ya ce Malam da a gaske ne fa na tura wa wani?

Wannan tambayar tasa ce ta hana ni barci. Jerin idiyom ɗin da ke yawo a waya, da waɗanda ke bayan littattafan shirin jarrabawa, kusan duk haka suke, magana a hagu ma'ana a dama shikenan, yaro ya haddace kamar lissafi. Ba mai gaya masa a gaban wa ake faɗinta. Alhali a Hausa ko yaro ɗan shekara goma ya san ba zai ce wa babansa ya sha kunu ba, sai dai ya ce ran Baba a ɓace yake. Sanin inda ake ajiye magana rabin saninta ne, ni kuma na bar wannan rabin a waje.

Don haka kowane kati yanzu zai samu layi na uku, inda ake faɗa. Na kasa su uku, ta ko'ina, ta tsakanin abokai kawai, da ta rubutu da taro. "Hit the nail on the head" ta ko'ina ce. "A piece of cake" da "spill the beans" na hira ne, kar a sa su a wasiƙar neman aiki. "Leave no stone unturned" ita ce irin wadda za ka ji a bakin jami'ai a labarai. Sai na ƙara jan alama a kan 'yan kaɗan masu iya jawo cin fuska. Katuttuka 74 duk sai na sake bin su ɗaya bayan ɗaya, ba komai, gara yanzu da bayan an buga.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Satin nan na shiga tarihin wasu, don na lura duk wadda na ba da labarin asalinta ba sa mantawa da ita.

"Hobson's choice" ita ta fi burge su. Thomas Hobson mutum ne na gaske, mai ba da hayar dawaki a garin Kembirij na Ingila, ya rasu a 1631. Ɗaliban jami'a kowa dokin da ya fi gudu yake so, sai dawakan kirkin suka riƙa galabaita, shi ne ya kafa doka, dokin da ke kusa da ƙofa shi za ka ɗauka ko ka haƙura. To zaɓin da ba zaɓi ba kenan. Wani yaro ya ce Malam kamar layin 'yan acaɓa a bakin tasha, wanda ke kan layi shi za ka hau. Na rubuta misalinsa a katin, ya fi nawa.

"Read the riot act" kuma daga wata dokar Birtaniya ce ta 1714. In mutum 12 ko fiye suka taru suna tayar da hankali, sai jami'i ya fito ya karanta musu sanarwa da babbar murya, in awa ɗaya ta wuce ba su watse ba sun shiga babban laifi. Ba a soke dokar a Ingila ba sai 1967. Yau in an ce uwa ta karanta wa 'ya'yanta riot act, jan kunne ne mai zafi, kashedin ƙarshe. "Carry coals to Newcastle" ba ta ba ni wahala ba don 'yan ƙwallo duk sun san sunan garin, abin da ba su sani ba shi ne gari ne da ya yi suna wajen fitar da kwal, kai masa kwal aikin banza ne. Na ce su ƙirƙiro tasu, wata ta ce kai kilishi Kano, wani ya ce kai doya Binuwai. "White elephant" daga ƙasar Siyam ce, Tailan ta yanzu, inda farar giwa ke da alfarma, ba a sa ta aiki, ga ci kamar me, sai ta zama kaya mai cin kuɗi ba amfani. Wannan ba sai na kawo misali ba, kowa ya san wani gini a garinsu da aka narka wa kuɗi aka bar wa ƙadangaru.

Su "sour grapes" da "cry wolf" daga tatsuniyoyin Isof na tsohuwar Girka suke. "By the skin of my teeth" kuwa daga littafin Ayuba ne a Baibul, tana cikin fassarar Turancin nan ta Sarki Jems ta 1611, ma'anarta sha da ƙyar, kuma yaran da kansu suka ƙarasa min, da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni.

Sai dai na kafa wa kaina sharaɗi, labarin da ba shi da tushe ba zai shiga ba ko ya kai zuma daɗi. Akwai wanda ake ta turawa a waya wai karnuka da maguna ne ke kwana a rufin ciyawa ruwa ya zubo da su, shi ya sa ake cewa "raining cats and dogs". Ba hujja a kansa. Ba zan cusa wa yara ƙarya don su riƙe gaskiya ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na yi musu gwaji, tambaya 30, rabi daga katuttukan da ke da takwarar Hausa, rabi daga waɗanda bayani kawai na yi. Bambancin a fili yake, na farkon kusan kowa ya cinye, na biyun nan aka yi ta zubewa. Waɗanda suka fi kayar da su na wasannin da ba ma yi ne, "a ballpark figure" da "touch base" daga wasan besbol na Amurka, "a sticky wicket" daga kurket. Amma "move the goalposts" da "score an own goal" ko bayani ban yi ba. "Throw in the towel" da "below the belt" na dambe ne, da na kwatanta musu mai horarwa yana jefa tawul cikin fili don a tsayar da wasa kafin a illata yaronsa, shikenan ta zauna, suka ce ya saduda, ya miƙa wuya.

Kati 112.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, mun mayar da lesin safiyar Asabar da Lahadi don da yamma ba mai iya riƙe komai a ka. Ni ma aikin sai bayan tarawi nake taɓawa.

"Break the ice" ta zo a kan gaɓa. Da na tambaya, wata ta ce fasa ƙanƙara ai sai dab da shan ruwa. Na ce ku kwatanta kogi ne ya daskare gaba ɗaya, jirgi ba ya iya wucewa sai an fasa masa hanya, to haka zama yake in baƙi sun haɗu kowa ya yi tsit, wanda ya fara jefa 'yar magana ya saki mutane shi ya fasa ƙanƙarar. Har yanzu ban samu tata ta Hausa da ta gamsar da ni ba, na rubuta kawar da baƙunta, zan koma wajen Hajiya.

"Once in a blue moon" ma ta jawo hira mai daɗi, tunda kowa hankalinsa na kan wata yanzu. Ma'anarta abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi, a daɗe ba a gani ba. A yadda ake amfani da sunan yanzu, in wata ya cika sau biyu cikin watan Bature ɗaya, na biyun shi ake kira blue moon, kuma sai bayan shekara biyu zuwa uku ake samu, an yi a Agustan 2023. Sai yarinyar nan mai maganar mage ta ce Malam kenan a watanninmu na Musulunci ba zai taɓa yiwuwa ba, tunda watan da kansa muke bi, sau ɗaya zai cika a tsakiya. Na ce ƙwarai kuwa. Ban taɓa kawo wannan a raina ba sai da ta faɗa, kuma ya shiga littafin.

Na kammala shafin dabbobi. Mujiya a wajen Bature alamar hikima ce, "a wise old owl" yabo ne, mu kuwa baƙin jinin mujiya muka sani. Kare ma haka, "top dog" shi ne babba a waje, "you lucky dog" wasa ne tsakanin abokai, amma na sa jan alama na ce kar wanda ya gwada ta a unguwa. Inda muka haɗu da su shi ne wayo, su suna ba wa foks, wata dabba mai kama da dila, mu muna ba dila malamin daji. "Black sheep" kuma wanda ya fita zakka a gida.

Asabar, 22 ga Maris

Wani abokina da ke koyar da Turanci a makarantar gwamnati ya zo ya duba min aikin, muka kwashe kusan awa biyu muna kai ruwa rana a kan shafi ɗaya. Shafin na maganganun da muka sauya wa kama ne a Najeriya. Mu muna cewa "more grease to your elbow", Bature "more power to your elbow" yake cewa. Muna cewa "cut your coat according to your size", asalinta "according to your cloth", wato gwargwadon yadin da kake da shi, daidai ruwa daidai tsaki. Muna cewa "birds of the same feather", su "birds of a feather".

Shi ra'ayinsa in rubuta kuskure a saman shafin da manyan baƙaƙe. Ni na ƙi. Maganar da miliyoyin mutane ke faɗa kullum kuma suna fahimtar juna ba zan kira ta kuskure ba, Turancinmu ne, kamar yadda Amurkawa ke da nasu. Ai su ma ba su daidaita ba, a Ingila "a storm in a teacup", a Amurka "a tempest in a teapot", a Ingila "beat about the bush", a Amurka "beat around the bush". Har akwai mai juyewa gaba ɗaya, in majalisa ta yi "table" ɗin magana a Birtaniya an gabatar da ita kenan don a tattauna, mu ma haka muke nufi, a Amurka kuwa an jingine ta. Ya ce duk na ji, amma mai makin jarrabawa ba zai ji wannan dogon Turancin ba, jan biro zai sa. Nan kam gaskiyarsa ce kuma ban musa ba. Muka tsaya a kan layi biyu, yadda muke faɗa a gida, da yadda za ka rubuta a jarrabawa. Yaro ya san duka biyun kuma kar ya raina bakin iyayensa.

Ya kuma cire min guda 9 da ya ce tsofaffi ne, sai a littafi. Na yarda da 7.

Asabar, 5 ga Afrilu

Barkanmu da Sallah. Na kai aikin shagon buga takardu ranar Laraba, yau na je karɓar gwaji, na tarar duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sun koma 'yan akwatuna, wasu wuraren kuma yaron shagon ya mayar da su k da d da b don ya huta. Fasa ƙwai ya zama fasa kwai, ƙanƙara ta zama kankara, baƙin jini ya koma bakin jini. Na ce masa ɗan'uwa littafin koyon harshe ne, in na bar wannan me na koyar? Muka zauna tare muka sauya salon baƙin kwamfutar zuwa wanda ke ɗaukar masu lanƙwasa, na bi shafi 38 da jan biro layi-layi har la'asar. Yaron ya yi haƙuri da ni sosai, Allah ya saka masa.

Ban kai 200 ba. 160 na tsaya, don layi na ukun nan da misalan jimla sun cinye wuri, kuma na gwammace 160 da yaro zai iya amfani da su a gaban mutane. Cikinsu 97 suna da takwarar Hausa, sauran bayani ne da misali. JAMB kuma saura 'yan makonni, ba a fafe gora ranar tafiya, gara ya isa hannunsu yanzu.

Asabar, 12 ga Afrilu

An buga kwafi 40, bango ruwan ƙasa, an ɗinke da waya biyu a tsakiya. Na raba wa yarana 17, abokina ya tafi da 15 ajinsu, na kai wa Hajiya ɗaya duk da ba za ta karanta ba, ta juya shi ta ce maigidan ina nawa maganganun suke, na nuna mata shafukan, ta sa shi ƙarƙashin filo. Na tambaye ta ta fasa ƙanƙarar nan, ta ce in ba ta kwana biyu.

Yaron wasiƙar ta'aziyya ya buɗe nasa a gabana yana neman shafin "kick the bucket", ya ga jan alamar da abin da na rubuta a ƙasa, ba a faɗa a gidan rasuwa, ba a faɗa a kan wanda kake girmamawa. Ya ce Malam akwai wata da na ji a wani fim ba ta ciki, "bite the dust", ita ma irin wannan ce ko? Na ce irinta ce, ɗauko kwali ka rubuta da kanka, har layi na ukun. Ya rubuta, na duba, daidai.

Tuni an gano kuskure biyu, a shafi na 14 na rubuta "nip it in the butt" maimakon "bud", sai lambar shafi na 30 da ta maimaitu. Na ce kowa ya gyara nasa da biro. Gobe Lahadi ƙarfe tara za mu fara bita daga shafin sanyi da zafi, kowa zai zo da jimla biyar tasa ta kansa, sauran katuttuka 40 ɗin kuma suna cikin leda a kan taga sai bayan jarrabawa.